Haƙora Huɗu na Alhaji Isufu

Ran Juma'a, a wurin cin abincin nan na unguwar Sulay inda muke haɗuwa bayan an sakko daga masallaci, ɗaya daga cikinku ya tambaye ni sana'ata. Na ce haƙoran roba nake haɗawa. Ya ce, "Au, wannan da ake zuba roba a mazubi a jira ta daskare?" Kuka yi dariya, wani ya ƙara da cewa ai yanzu inji ma ke bugo su kamar hoton fasfo. Ban tanka ba saboda akwai loma a bakina, kuma na san idan na fara ba zan gama cin abincin ba. To yau ba na cin komai, sai ku saurara.

Sunana Garba. Daga Kano na zo Riyad da takardar makarantar koyon aikin lafiya a jakata, ina ganin babu abin da ya rage mini a kan haƙori. Aka sa ni a wani ma'amal a unguwar Ulaya, wato ɗakin da ake haɗa haƙora a kai wa likitoci, a hawa na biyu, saman wani shagon tabarau. Babban ma'aikacin wurin wani dattijo ne mutumin Sham, ana ce masa Abu Nizar. Ya karɓi takardata, ya duba gaba da baya, ya miƙo mini, ya nuna mini kwanon roba da buhun jibis, farin garin nan da ake kwaɓawa ya daskare kamar siminti. Wata shida ina kwaɓa jibis ina wanke kwano. Idan kwaɓin ya yi ruwa ya zubar, idan ya yi tauri ya zubar, idan kumfa ɗaya ta fito a bakin haƙori ya fasa aikin a gabana, ko murya ba ya ɗagawa.

Aikin farko da ya bar ni na yi daga farko har ƙarshe na wata tsohuwa ne da ban taɓa gani ba, sai awon bakinta da direba ya kawo a leda. Baki ne duka, sama da ƙasa. Za ka zuba jibis a awon ka fito da siffar dasashi. Ka ɗora ta a muƙamuƙin ƙarfe mai buɗewa da rufewa kamar na mutum. Ka kunna 'yar fitila, ka ɗumama wuƙar kaki, ka riƙa dasa haƙori ɗaya bayan ɗaya, kowane da mazauninsa da yadda zai karkata. Wanda ya ɗara ɗan'uwansa tsawo da kaurin gashi, mai shi ba zai tauna gurasa cikin daɗi ba. Sannan a rufe aikin a akwatin tagulla cike da jibis, a narkar da kakin, a cusa kwaɓaɓɓiyar roba, a matse, a dafa, a bar shi ya huce don kansa, a fasa jibis, a gurje, a goge har ya yi sheƙi. Na tsohuwar nan sau uku na yi shi kafin Abu Nizar ya yarda ya fita daga ɗakin.

Duk wannan aikin hannu ne, hannu kuma yana koyo. Wahalar tana wajen launi. Ku a wurinku haƙori fari ne, shi ke nan. Muna da wani allo mai jerin haƙoran gwaji, kowane a kan ɗan tsinken ƙarfe, da harafi da lamba a gindinsa. Wani ya fi ja, wani ya fi ɗorawa, wani toka-toka. Abu Nizar ba ya bari a zaɓi launi a ƙarƙashin ƙwan lantarki, sai a bakin taga, da hantsi. Kuma ba a ƙura ido. Ka duba kaɗan, ka kawar da kai ka kalli wani shuɗin ƙyalle da ya liƙa a bango, sannan ka sake dubawa. Idan ka daɗe kana kallo ido zai gaji, ya fara yi maka ƙarya. Shekara biyu na yi kafin na daina jin ya ce, "La, ya Garba, sake."

To launin nan da ka sha wuya a kansa, ba a hannunka yake ƙarewa ba. Yana ƙarewa ne a kofin da mai haƙoran ke jiƙa su kafin ya kwanta.

Akwai wata mata da aikinta ya dawo bayan 'yan watanni, duk tsakanin haƙoran ya yi ƙasa-ƙasa kamar an shafa gahawa. Ashe a ruwan kurkure baki na kemis take kwana da su, irin wanda likita ke rubutawa na 'yan kwanaki idan dasashi ya kumbura. Akwai wani malamin makaranta da ke dirza nasa da man goge baki da buroshi mai tauri safe da yamma, yana ganin tsafta yake yi. Ya kankare sheƙin tas, robar ta yi zane-zane, shayi da kurkum na shinkafa suka samu wurin zama. Sai kuma 'yan bilic. Waɗannan tun daga ƙofa nake gane su. Dasashin robar da na bayar ja-ja kamar na mai rai ya koɗe, wayar ƙarfen da ke riƙe aikin ta yi baƙi, ga warin na nan komai wankin da aka yi. Kuma duk wanda ka tambaya amsarsa ɗaya ce: ruwa kawai yake sa wa.

Shekarar da aka sassauta kullen korona ita ce shekarar da ban taɓa ganin irinta ba. Mutane sun saba wanke komai da bilic, har ledar cefane, to haƙora ma ba su tsira ba. Aiki ya riƙa dawowa. A lokacin Abu Nizar ya riga ya koma ƙasarsu, ni ke zaune a kujerarsa, don haka duk abin da ya dawo a gabana ake ajiye shi. Na bilic ba su dame ni ba, don zan iya ɗaga su in ce wa mudir, wato manajan ma'amal ɗin, ya shinshina. Wanda ya kusa kore ni daga ƙasar nan na Alhaji Isufu ne.

Alhaji Isufu mutumin Maraɗi ne, ya girme ni da kusan shekara goma. A kasuwar Aziziya yake, shi ke kula da masu sauke albasa na wani ɗan kasuwa tun ina ɗan sabon zuwa. Wata rana ƙofar bayan babbar mota ta kuɓuce ta same shi a baki, haƙoransa huɗu na gaba na sama suka tafi. Kafilinsa, wato ubangidan da ya tsaya masa a ƙasar nan, ya kai shi wurin likitansa na kansa, Daktur Hisham, ɗan Masar, wanda asibitinsa ke ba mu aiki fiye da kowa. Da likitan ya ga sauran haƙoran dattijon, sai ya turo shi ma'amal ya ce in gani da idona, don babu lamba a allo da ta yi daidai da su.

Gaskiya ya faɗa. Shekaru ne na goro da shayi a bakin nan. Gindin haƙoran ja-ja, tsakiya ɗorawa, baki-baki kuma da ɗan haske. Na zaunar da shi a bakin taga, muka gaisa da Hausa, ya ji daɗi har ya ba ni lambar wayarsa ya ce in zo in ɗauki albasa. Kwana uku na yi a kan haƙora huɗun nan. Na ɗauki mafi duhu da kamfani ke yi, na riƙa ƙara musu launi da ɗan siririn buroshi, na zana wa ɗaya ɗan tsagin da ke jikin fiƙarsa. Da aka sa masa, Daktur Hisham ya turo mini hoto ya rubuta kalma ɗaya, mumtaz, wato madalla.

Wata biyu aikin ya dawo. Na buɗe ledar na tsaya ina kallo. Haƙoran sun yi fari dusu-dusu kamar alli, dasashin robar ya yi kamar an zuba masa madara, kuma da na ɗora shi a kan siffar jibis ɗin da na ajiye sai ya ƙi zama, gefe ɗaya ya ɗaga. Na shinshina, babu warin bilic. Na duba wayar, tana nan da ƙyallinta.

Na kira likitan na ce wannan zafi ne ya taɓa shi. Ya ce, "Na tambaye shi. Ƙwayar da na rubuta masa yake amfani da ita, ya kawo kwalin na gani." Ƙwayar nan ita ce wadda ake jefawa a ruwa ta yi ta kumfa, a nan suna ce mata fawwar, kuma ita ce daidai. Na ce a sake tambayarsa irin ruwan da yake sa wa. Ya ce, "Ya Garba, wannan ma na tambaya. Na ce moya harra? Ya ce a'a, dafya. Abin da na gaya masa ke nan. Fentin da ka shafa ne ya wanke." Wato ya tambaye shi ko ruwan zafi ne, ya ce a'a, mai ɗumi ne.

Fenti. Aikin kwana uku a bakin taga, ya kira shi fenti. Na haɗiye, na sake yin wani. Wannan karon na buɗe sabon gwangwanin roba, na canza kamfanin haƙoran, na shigar da launin ciki yadda ko an kankare sama ba zai fita ba. Sati shida ya dawo, har ya fi na farko fari, kuma ya karkace ya ji wa dattijon ciwo a ganda.

A nan mudir ya kira ni ofis. Ya ce Daktur Hisham ya ce zai kai aikinsa wani ma'amal, kuma idan ya tafi rabin aikinmu ya tafi. Ya ce ko dai ina sayo roba mai arha a ɓoye, ko kuma idona da hannuna sun tsufa. Iƙamata, takardar izinin zamana a ƙasar nan, saura wata biyu ta ƙare. Bai ce ba zai sabunta ba, cewa ya yi zai duba. Duk wanda ya zauna a ƙasar nan ya san ma'anar zai duba. A shekaruna kuma babu wani kafilin da zai karɓe ni, ga yara uku a makaranta a gida.

Na koma tebur na tattaro guntayen roba da ragowar haƙoran da suka fito daga kwali ɗaya da na Alhaji. Na samo kwalaben zuma guda biyar na wanke. Ɗaya ruwa zalla, ɗaya ƙwaya a ruwa mai ɗumi, ɗaya bilic, ɗaya ruwan khal mai tsami, wato binega, ɗaya ƙwaya a tafasasshen ruwa. Kullum da safe in canza musu ruwa, in fito da su in jera a bakin taga kusa da allon launi. Mudir ya wuce ya gani ya ce nan ba makaranta ba ce. Ban kula shi ba. Bayan sati biyu, na ruwa zalla da na ƙwaya a ɗumi ban ga wani bambanci da ido zai kama ba. Na khal sheƙinsa ya ɗan ragu. Na bilic ya koɗe. Na tafasasshen ruwa kuwa, ga shi nan sak na Alhaji Isufu, fari kamar alli, ya ɗan lanƙwashe.

Na san abin da wani cikinku zai ce, don mudir ma ya faɗa: ai kai ma dafa su kake yi. E, ina dafawa, amma a cikin akwatin tagulla, jibis ya riƙe su ta ko'ina, an matse, zafin yana hawa a hankali yana sauka a hankali, kuma sau ɗaya ne a rayuwar aikin. Ba a tsirara a kofi kullum ba.

Na kai wa likitan kwalbar. Ya duba ya ɗaga kafaɗa. Ya ce ya yarda zafi na yin haka, amma mutumin ya ce ba ya sa ruwan zafi, kuma dattijo ne mai salla, me zai sa ya yi ƙarya? Ni ma tambayar da ke damuna ke nan, don na zauna da shi, ban ga alamar maƙaryaci ba.

Ran Juma'a bayan la'asar na nemo lambar nan na kira shi, na hau mota zuwa Aziziya. Ɗakinsa na bayan kasuwa, su huɗu ne a ciki, ko'ina warin albasa. Na same shi yana magana da hannu a kan baki, don tun da aka karɓi na biyun yake yawo da giɓi. Muka gaisa, ya sa aka kawo shayi. Ya ce, "Malam Garba, ni kam na gaji. Mutane na ta tambayata ko haƙoran wani aka ba ni. Hwari kamar na jariri cikin bakin tsoho."

Na ce, "Alhaji, ba tambaya na zo yi ba. So nake ka nuna mini yadda kake wanke su, daga farko, kamar ba na nan."

Na miƙa masa na farkon da na zo da shi a aljihu. Ya tashi ya ɗauko kofin silba da kwalin ƙwaya. Ya ɗora buta a kan gas. Muka ci gaba da hira a kan farashin albasar Yaman, ni kuwa idona na kan butar. Ta fara ƙara, bai tashi ba. Ta tafasa, murfin na rawa, sannan ya sauke. Ya jefa haƙoran a kofi, ya jefa ƙwaya biyu, ya tuttula ruwan yana tururi, ya rufe da faranti.

Na ce, "Alhaji, wannan ai tafasasshen ruwa ne."

Ya ce, "To, ai shi likita ya ce."

"Me ya ce?"

"Ya ce moya dafya. Moya ruwa ne, wanga na sani. Dafya kuwa, ai dafawa ke nan. Ruwan da aka dafa."

Na ajiye kofin shayina. Na ce da likita ya tambaye shi ko harra yake sa wa, me ya sa ya ce a'a? Ya ce shi a kasuwa harra barkono ake ce wa, mai yaji, shi kuwa me zai kai shi zuba yaji a haƙora? Shekara talatin yana ƙasar nan, Larabcinsa na lodi ne da sauke kaya da ciniki, kuma ya ishe shi. Babu wanda ya taɓa ce masa ɗumi da Larabci. Ƙwaya biyun kuma nasa ƙarin ne, don ya ga goro na da naci. Kuma ba minti kaɗan ɗin da aka rubuta a kwali yake barin su ba, sai ruwan ya huce ya ƙara wani.

Abin da ya fi ba ni haushi ba shi ba ne, ba kuma likitan ba. Mutumin nan ya zauna a gabana fiye da awa guda a bakin taga, muna Hausa, mun yi maganar Maraɗi da Kano da goro da ciwon gwiwa, ban ce masa kalma ɗaya a kan kofi ba. Na ɗauka wannan aikin likita ne.

Washegari na gaya wa Daktur Hisham. Ya yi dariya har ya cire tabarau yana share ido, ya kira ma'aikaciyar jinyarsa ya maimaita mata. Bai ce mini yi haƙuri ba, bai kuma janye maganar fenti ba, amma ya kira mudir a gabana ya ce aikinsa na nan. Mudir ya sabunta iƙamar ana saura kwana tara. Shi ma abin da kawai ya ce shi ne in kwashe kwalaben nan daga taga.

Na yi na uku. Ran da za a sa masa na je asibitin da kaina, na tsaya a kansa na faɗa masa da Hausa. Ruwan da za ka iya tsoma yatsa ka bar shi a ciki. Ƙwaya ɗaya. Iya lokacin da aka rubuta a kwali, sannan a ɗauraye sosai, a kwana da su a ruwa zalla. Buroshi mai laushi da ɗan sabulun ruwa, ban da man goge baki, ban da bilic, ban da toka, ban da lemon tsami. Na gaya masa ko an bi duk wannan, roba ce, shekaru za su ɗan rage mata haske, amma a hankali, tare da sauran bakin. Na sa ya maimaita mini sau biyu. Tun daga ranar duk Bahaushen da aka yi wa aiki a asibitin, sai an haɗa ni da shi a waya kafin ya fita.

Bayan kamar wata uku ya kira ni ya ce in zo Aziziya akwai magana. Na tafi. Na same shi a kan buhu yana cin goro da haƙoran, lafiyarsu ƙalau, launin na nan yadda na bar shi. Kusa da shi wasu dattawa biyu na tsaye, kowane da ƙullin hankici a hannu.

Ya ce, "Malam Garba, akwai abin da ban hwaɗa maka ba. Lokacin da likita ya koya mini, ni ma na koya ma mutane. Sun ga babban likita na Ulaya ne ya hwaɗa."

Suka kwance hankicin. Ba aikina ba ne, ban san inda aka yi musu ba, amma na gane ciwon. Ɗaya ya tambaye ni ko akwai maganin da zai dawo da launin. Na ce babu, wanda ya dahu ya dahu, sai dai sabo. Na tambayi Alhaji mutum nawa ya koya wa.

Ya ce uku. Na ukun, Malam Habu, ya tafi gida Damagaram tun watan jiya, ya bar aiki. Baki duka ne nasa, sama da ƙasa, kuma ya sayi kwalin ƙwaya da yawa ya tafi da su, har da na tsaraba ga wani yayansa.

Na ce a ba ni waya. Alhaji ya nemo lambar, ya danna wurin ɗaukar murya ya kara mini a baki. Na fara, "Malam Habu, kada ka ƙara," sai ya janye wayar ya goge. Ya ce mutumin dattijo ne, bai san ni ba, ba a fara masa magana haka. Ga mota na ta hon a bayanmu tana neman wurin sauke kaya, ga dattawan nan biyu sun zuba mini ido da haƙoransu a tafin hannu. Ya sake dannawa. Na yi sallama, na faɗi sunana da na garinmu, na tambayi gajiyar hanya da iyali da yadda ya samu mutanen gida, sannan na ce masa don Allah ya sauke butar nan.